Tsohuwar Bindigar Soja a Cikin Kayan Gado: Tambayoyi da Amsoshi kan Darajarta da Lafiyarta

A gidaje da dama na Maraɗi, Tibiri, Tasawa da ƙauyukan da ke kewaye da su, akan ci karo da tsohuwar bindiga idan an zo rabon gado ko an tashi rushe tsohon ɗaki. Wata tana naɗe da tsumma a cikin rumbu, wata tana maƙale a bayan azara, wata kuwa daga ƙasa ake tono ta, inda mai ita ya binne ta shekaru masu yawa ba tare da ya gaya wa kowa ba. Tambayoyin da ke biye su ne waɗanda magada suka fi yi. Maganar ta taƙaita ne ga bindigogin soja na zamanin Turawa, masu sakata da ake ja da hannu, waɗanda aka ƙera daga wajen 1870 zuwa shekarun 1950. Ba ta shafi harba-ruga ta maƙeranmu ba, balle makaman zamani.

Mun tarar da bindiga a cikin kayan marigayi kakanmu. Me ya kamata mu fara yi?

Ku ɗauka cewa akwai harsashi a cikinta, ko da kowa a gidan ya rantse cewa babu. Kada a juya bakinta wajen mutum ko dabba, kada a taɓa kunama, a kuma nisantar da yara. Idan sakata ta cije saboda tsatsa, kada a doke ta da guduma, domin harsashin da ya shekara saba'in a mazauninsa yana iya tashi har yanzu. Bindigar sojan Faransa mai suna Lebel tana da wani hatsari na musamman, domin ma'ajiyar harsasanta bututu ce da ke ɓoye cikin ƙota a ƙarƙashin babban bututun, tana ɗaukar har guda 8, kuma mutum yana iya buɗe sakata ya ga wayam alhali suna nan jere. Yawancin bindigogin Faransa na wancan zamani, har da MAS 36, ba su da makullin da ke hana kunama aiki.

Bayan haka sai a ɗauki hotonta da waya a inda take, a ɗauki kowane rubutu da kowace lamba da ke jikinta, sannan babban gida ya sanar da mai gari ko mai unguwa, su tafi tare wajen jandarma ko ƴan sanda.

Ashe tsufanta bai fitar da ita daga hukuncin makami ba?

Bai fitar da ita ba. Masu karanta shafukan ƙasashen waje sukan ruɗe a nan, domin dokar tarayyar Amurka tana ɗaukar bindigar da aka ƙera a 1898 ko kafin nan a matsayin kayan tarihi, Faransa kuma ta sa 1900 a matsayin iyaka ga samfuran da ake iya tarawa, tare da wasu keɓe-keɓe. Waɗannan dokokinsu ne, a ƙasashensu suke aiki. A Nijar riƙe bindiga sai da izinin hukuma, kuma tun 1994 akwai hukuma ta ƙasa mai tattara makaman da ke hannun jama'a ba bisa ƙa'ida ba, wadda aka fi sani da CNCCAI. Masu shekaru suna tune da makaman da aka ƙona a Agadas ranar 25 ga Satumba 2000 a bikin wutar zaman lafiya.

Ga kuma halin da yankinmu yake ciki. Da irin ta'asar ƴan bindiga a yankunan Madarumfa da Gidan Rumji, jami'in da ya tsayar da mutum ɗauke da bindiga a hanyar Ɗan Isa ba zai tsaya nazarin shekarar da aka ƙera ta ba. Ɗaukarta zuwa Jibiya ko Katsina don neman mai saye fataucin makamai ne ta kan iyaka, kome tsufanta.

Duk da haka sanin darajarta yana da amfani. Shi ne zai sa iyali su san abin da za su roƙa wajen hukuma, ko a bar ta ta tafi da tarin makaman da za a lalata, ko a nemi a miƙa ta ga gidan tarihi irin na Boubou Hama da ke Yamai ko ga fadar sarki.

Waɗanne iri ne aka fi samu a wannan yanki, kuma yaya ake bambance su?

Na Faransa ne suka fi yawa, kuma su huɗu ne manya. Ta farko ita ce Gras, samfurin 1874, mai ɗaukar harsashi ɗaya tak, faɗin bakinta milimita 11, tana aiki da baƙin albarushi mai hayaƙi. Daga Chassepot ta 1866 ta samo asali, har ma an mai da Chassepot da yawa zuwa Gras, shi ya sa ake ganin wasu da rubutun 1866-74. Bayan sojan Faransa ya daina aiki da ita, ta bazu a Afirka ƙwarai.

Ta biyu ita ce Lebel, samfurin 1886, bindigar soja ta farko a duniya da ta yi aiki da albarushi marar hayaƙi. Bakinta milimita 8 ne, tsawonta kusan mita 1 da santimita 30, kuma ana gane ta da ƙotarta da ta rabu gida biyu, da faffaɗan ƙarfe a tsakani. Ta uku ita ce Berthier, wadda ke cin harsashi iri ɗaya da Lebel amma ƙotarta guda ce, kuma ana zuba mata harsasai 3 a haɗe cikin ɗan maƙalin ƙarfe. Akwai gajerarta ta 1890 da ta 1892, akwai doguwa ta 1907 wadda aka ƙera musamman domin sojojin Afirka ta Yamma da ake kira tirayar, sai 07/15, sai kuma M16 mai ɗaukar 5, wadda ma'ajiyarta ta leƙo a gaban kunama. Ta huɗu, ƙanwarsu duka, ita ce MAS 36, gajera mai bakin milimita 7.5 da harsasai 5. Hannun sakatarta ya karkata gaba, banatinta kuma tsinke ne da ke zama cikin kube a ƙarƙashin bututu. Ita ce sojojin ƙasashen da Faransa ta mallaka suka gada da yawa bayan 1960.

Daga kudu akwai Lee-Enfield ta Ingila mai harsasai 10, wadda sojoji da ƴan sandan Najeriya suka daɗe suna riƙewa. Tsohuwar, ta 1907, ƙotarta ta rufe bututu har baki, ta yi mata dakakken hanci. Ta baya, mai lamba 4, wadda aka fara ƙerawa da yawa a 1941, bakin bututunta ya fito waje, saitinta na baya kuma ƴar huda ce kusa da ido. Daga arewa akwai Carcano ta Italiya, samfurin 1891 mai milimita 6.5, wadda ta shigo Sahara ta hanyar Libiya, kuma makaman da aka ƙwace daga hannun Italiyawa suna cikin abin da mayaƙan Kawsan, jagoran Buzaye da ya yi wa Faransa tawaye, suka yi wa Agadas ƙawanya da shi daga Disamba 1916 zuwa Maris 1917. Mauser ta Jamus ma takan ɓulla jefi-jefi.

An rubuta 1886 a jikinta. Ke nan a shekarar aka ƙera ta?

A'a, kuma wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa. Rubutun da ke gefen hagu na gidan sakata, kamar Mle 1886 M93, sunan samfuri ne, yana nufin tsarin 1886 da aka yi wa gyara a 1893, kuma an ci gaba da buga shi a kan bindigogin da aka ƙera har lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya. Haka M80 a jikin Gras yana nufin gyaran 1880. Shekarar ƙira tana kan bututu kusa da gindinsa, bayan haruffan MA da harafi guda mai nuna masana'anta: S na Saint-Étienne, C na Châtellerault, T na Tulle. Saboda haka MA S 1890 yana nufin bututun ya fito daga Saint-Étienne a 1890. Idan an taɓa canja bututun, shekarar canjin za a gani. A gefen ƙota kuma, idan ba a goge ba, akwai hatimi zagayayye mai ɗauke da wata da shekarar da soja ya karɓi bindigar.

A Lee-Enfield ta 1907 ana duba zoben ƙarfen da ke bayan kunama, inda aka buga kambin sarauta, sunan masana'anta da shekara. Alamar kibiya mai faɗin kai tana nuna kayan gwamnatin Ingila ne. Carcano ta zamanin Musolini takan ɗauki shekara biyu, ta miladiyya da ta mulkinsa da lambobin Rumawa, kamar 1936 XIV.

Amfanin wannan karatu shi ne gwada labari da ƙarfe. Wani zai ce bindigarsa ragowar ayarin Voulet da Chanoine ce, hafsoshin sojan Faransa waɗanda suka ratsa Birnin Ƙonni suna ƙone-ƙone kuma tafiyarsu ta ƙare a yankin Tasawa a watan Yuli 1899. Idan aka duba aka ga Berthier 07/15 ce, magana ta ƙare, domin ba a ƙirƙiro ta ba sai bayan shekara 16. Idan Gras ce mai bututun 1878, labarin yana iya yiwuwa, amma yiwuwa ba hujja ba ce, tunda dubban ire-irenta sun shigo ta wasu hanyoyi.

Me ya sa masana suke damuwa da lambobin da ke jikinta?

Domin a wancan zamani kowace bindiga da hannu ake daidaita sassanta, sannan a buga mata lamba ɗaya a kan bututu, sakata, ƙota, murfin ƙasa, wani lokaci har da banati. Idan lambobin duka sun zo ɗaya, tare da harafin da ke gabansu, an san bindigar tana nan yadda ta fito, kuma wannan shi ne abin da ya fi kome ɗaga darajarta a idon masu tara kayan tarihi. Idan lambar sakata ta saɓa da ta bututu, daraja ta faɗi, lafiya ma ta shiga shakka, domin sakatar wata bindiga ba lalle ta rufe harsashi daidai a wannan ba.

Amma ba kowane canji ne aibi ba. Ma'aikatun soja sukan yi wa bindiga gyaran gaba ɗaya, su soke tsohuwar lamba da layi su buga sabuwa a gefenta, kuma Ingilishi sukan buga FTR don nuna haka. Wannan ɓangare ne na tarihin aikinta. Abin ƙi shi ne lambar da aka goge da magagari aka sake bugawa don yaudara. Ana gane ta da ɗan kwarin da ke wurin idan aka shafa yatsa, da siffar lambobin da ta bambanta da ta sauran, da kuma jerinsu da ya karkace.

Yaya ake duba cikin bututu?

Wannan aikin wanda hukuma ta amince masa ne, bayan an tabbatar babu harsashi kuma an cire sakata. Ana sa farar takarda ko fitilar waya a gefe guda, a leƙa ta ɗaya gefen. A cikin bututun bindigar soja akwai zane mai murɗewa wanda ke juya harsashi ya tafi saiti. Bututu mai lafiya yana ƙyalli, gefunan zanen suna da kaifi tun daga gindi har baki. Wanda ya sha aiki zanensa ya yi sulɓi, musamman daf da mazaunin harsashi inda wuta ta fi ci, kuma an san Lee-Enfield da wannan saboda zafin albarushin kodayit da Ingilishi suka yi amfani da shi. Wanda ya yi duhu da ƙananan ramuka kamar zanzana, tsatsa ce ta cinye shi.

Dalilin wannan tsatsa ya cancanci bayani, domin mutane suna mamakin bindigar da wajenta ke da kyau amma cikinta ya ruɓe. Ɗan maɓallin da ke gindin tsoffin harsasan soja, wanda allura ke duka, yana barin wani gishiri a cikin bututu bayan harbi. Gishirin yana jawo laima, mai kuma ba ya narkar da shi, sai ruwa. Sojan da aka horar yakan wanke bututu da ruwan zafi, ya busar, sannan ya shafa mai. Mafaraucin da ya gaji bindigar bai san haka ba, sai ya shafa mai a kan gishirin ya rataye, damina ɗaya ta isa ta yi ɓarnar.

A kuma nemi baƙin zobe a tsakiyar bututu, sannan a shafa wajen da yatsu a ji ko akwai kumburi a daidai wurin. Wannan alama ce ta cewa an taɓa harbawa alhali wani abu ya toshe hanya. A ƙasarmu mai toshewar sau da yawa zanzaro ne, wanda ba ya ganin rami bai gina ɗakinsa na laka a ciki ba. A ƙarshe a duba leɓen bakin, ko ya lotsa ko an taɓa yanke shi.

Ta yi tsatsa. Mu kai wa maƙeri ya goge ta ta yi fari kafin a gwada wa kowa?

Kada ku yi. A nan ne ake neman gira a rasa ido, kuma bindigogin da tsufa ya lalata ba su kai yawan waɗanda masu gyara suka lalata ba. Tsatsa iri biyu ce. Akwai ja mai gari, wadda ke kan cin ƙarfe, ita ce ake tsayarwa da man keken ɗinki da tsumma mai laushi, a shafa a bari ya kwana a goge, a maimaita cikin haƙuri. Akwai kuma launin tsufa, ruwan ƙasa mai santsi wanda ya maye gurbin baƙin rinin masana'anta, shi kuwa ba a taɓa shi, domin shi ne shaidar shekarunta. Samfefa, soson ƙarfe, toka da yashi, ruwan batir da injin gurza duk suna tafiya da wannan launi, suna kuma shafe ƙananan hatimai waɗanda su kaɗai ne za su faɗi asalin bindigar. Bindigar da aka gurje ta yi fari kamar sabuwar tukunya ta rasa mafi yawan darajarta, kuma babu mai iya mai da ita.

Fenti ma haka, sai dai a lura cewa wasu MAS 36 na farko da wasu Lee-Enfield da baƙin fenti suka fito daga hannun soja, saboda haka ba kowane fenti ake kankarewa ba.

Ƙotar ta tsage, an ɗaure ta da fata, an kuma buga mata ƙusoshin ado. Wannan ya rage mata daraja?

Ya danganta da mai dubawa. Mai tara kayan soja a Turai yana son ƙotar asali da hatiminta, kuma a wajensa ƙusoshin tagulla, ɗaurin rawaya da jar fata, layu da ƙotar da masassaƙinmu ya yi da maɗaci ko ƙirya duk ragi ne. Ni kuwa a ganina, ga gidan tarihi na ƙasarmu waɗannan su ne rabin labarin. Lebel mai tsabta akwai dubbanta a Faransa, amma wadda dogari ko mafarauci na Gobir ya riƙe shekara arba'in, ya ɗinke tsagarta da ɗanyar fata ya rataya mata laya, ita kaɗai ce irinta. Saboda haka kada a kwance ɗauri, kada a cire laya don a faranta wa wani baƙo.

Abin dubawa na gaske a ƙota shi ne tsaga a bayan gidan sakata, inda ƙarfin harbi ke sauka, da laushin itacen da ya sha baƙin mai, da kuma aikin gara. A ƙwanƙwasa da farce, idan ta yi ƙarar holoƙo, gara ta cinye cikin ta bar fata.

Tamu tana da rubutun Gras amma cikin bututunta sumul yake, harsashin farauta take ci.

An mai da ita bindigar farauta ne. Masana'antu a Faransa da Beljiyam sun sayi ragowar Gras masu yawa, suka faɗaɗa bututun suka share zanensa, suka gajarta ƙota, suka sayar da araha ga manoma da kasuwannin Afirka. Darajarta a matsayin kayan soja kaɗan ce, ko da yake tana da nata tarihin.

Akwai jabu a wannan harka?

Akwai, kuma ramin ƙarya ƙurarre ne ga wanda ya san tarihi kaɗan. Maƙeran yankin Khaibar, tsakanin Pakistan da Afganistan, sun shahara da kwaikwayon Martini-Henry da Lee-Enfield har da hatimansu, amma sukan buga harafi a juye, ko su haɗa alamar Sarauniya Biktoriya, VR, da shekarar da ta biyo bayan rasuwarta a 1901. A nan gida abin da aka fi gani shi ne haɗe-haɗe, wato gidan sakata na asali da bututun da aka yi da wani ƙarfe dabam, a haɗa da walda. Hatimin masana'anta yana da zurfi ɗaya da tsari ɗaya, na hannu kuwa wani harafi ya nutse wani ya tashi.

Akwai kuma ƴan damfara masu yaɗa cewa tsoffin ƙarafan Turawa suna ɗauke da wani sinadari mai tsadar gaske, kamar yadda aka yi ta yi da dutsen guga da keken ɗinki. Babu kome a cikin bindiga sai ƙarfe da itace.

Za a iya harba ta sau ɗaya ranar hawan salla ko biki, don tunawa da marigayi?

A'a. Ban da maganar doka, akwai abubuwa da ido ba ya gani. Tazarar da ke tsakanin fuskar sakata da gindin harsashi ana auna ta ne da ma'auni na musamman, kuma idan ta wuce ƙima kwanson yakan fashe, wuta ta dawo fuskar mai harbi. Ba a kuma iya dogara da sunan bindiga wajen sanin harsashinta. A 1914 an canja wa Gras da yawa bututu suka koma cin harsashin Lebel. A 1932 Faransa ta fito da sabon harsashi mai nauyi, aka gyara Lebel da Berthier domin su karɓe shi aka buga musu harafin N, kuma sa shi a wadda ba ta da wannan harafi hatsari ne. Lee-Enfield mai alamar DP kuwa soja da kansa ya yanke cewa ta fareti ce kawai, ba ta harbi ba. Ƴan bindigar sarki da ke cika gari da ƙara ranar salla da bindigogin gargajiya da albarushi zalla suke yi, wannan sana'a ce dabam mai nata ƙa'idoji.

Tsoffin harsasan da muka samu tare da ita fa?

A miƙa su ga hukuma tare da bindigar. Kada a jefa su a wuta, a rijiya ko a masai, kada kuma a bar yara su fasa su don neman tagulla. Wanda ya yi kore ko ya tsage a wuya ya lalace, amma lalacewa ba ta hana shi fashewa. Kafin a miƙa, a ɗauki hoton gindinsu, domin haruffa da lambobin da ke wurin suna nuna masana'anta da shekara, kuma sukan nuna zamanin da aka daina aiki da bindigar.

To, nawa take yi? Mun ga irinta a intanet da kuɗi mai yawa, kuma magada suna so a sa ta cikin lissafi.

Farashin da kuka gani na kasuwar da doka ta halatta ne a wata ƙasa, kuma sau da yawa abin da mai kaya ya nema ne, ba abin da aka biya ba. Ko a can, abubuwa biyar ne ke yanke kuɗi: ƙarancin samfurin, dacewar lambobi, yawan abin da ya rage na rinin asali da hatimai, lafiyar bututu, da hujjar tarihinta a rubuce. Berthier 07/15 da Lee-Enfield an ƙera su da yawan gaske, ta biyun ma miliyoyi, saboda haka ba su da wuyar samu. Berthier ta 1907 ta tirayar kuwa kaɗan aka yi, kuma wadda ta tsira ba a canja mata kome ba abin nema ce. Mafi yawan waɗanda ake tonowa a nan, bayan shekaru na ƙurar hunturu da laimar damina, suna matakin ƙasa ne a ma'aunin masu tarawa.

Game da gado, abin da ba a iya sayarwa a kan ƙa'ida ba shi da farashin kasuwa da za a raba, kuma wanda ya zo da tayi mai tsoka a asirce ba tarihi yake saye ba. Ya kamata a gaya wa malamin da ke rabon ko alƙali gaskiyar matsayinta a doka tun farko, don kada a ɗora wa wani magaji ita a matsayin kasonsa a bakin dubban jikkuna, alhali abin da aka ba shi nauyi ne.

Kakanmu mazan jiya ne, an ce da ita ya dawo daga yaƙi. Wannan bai ƙara mata daraja ba?

Yana ƙarawa idan akwai abin da ya tabbatar. A ƙa'idar soja, wanda aka sallama yakan mai da bindigarsa ma'ajiya kafin ya kama hanyar gida, saboda haka sau da yawa bindigar ta shigo gidan ne ta wata hanya: aikin gadi a bariki bayan dawowarsa, aikin gumiye (ƴan ƙasa masu taimaka wa sojan Faransa), hidimar fada, ko saye daga fatake. Wannan bai rage wa marigayin kome ba. A nemi littafinsa na soja, takardun fansho, lambobin yabo, tsohon lasisin riƙe bindiga idan akwai, da hotunansa cikin kaki. Lasisin da ke ɗauke da lambar da ta dace da ta jikin bututu ya fi kowace shaida ƙarfi. A kuma zauna da tsofaffin gidan, musamman iyaye mata da gwaggwanni waɗanda suka san ɗakin da take da ranar da aka ɓoye ta, a ɗauki muryarsu a rubuta da sunan mai magana da kwanan wata. Ko bindigar ta tafi hannun hukuma, takardun da hotunan suna nan a gida.

Idan hukuma ta amince a ajiye ta a fada ko gidan tarihi, yaya za a adana ta?

A ɗaki mai makulli wanda ba ya yoyo, nesa da ƙasa da bango saboda gara da laima, a kwance a kan katako ko a tsaye da bakinta ƙasa don kada mai ya gangara cikin ƙota. Kada a naɗe ta da leda, domin leda tana tara gumi, kada kuma a bar ta cikin kuben fata, domin jemammiyar fata tana cin ƙarfe. Man gyaɗa, duk da yalwarsa a Maraɗi, bai dace ba, yakan yi danƙo ya kama ƙura, baƙin man mota kuma yana ruɓar da itace. Man keken ɗinki kaɗan a kan ƙarfe ya isa, sau ɗaya kafin saukar damina, sau ɗaya bayan kaka, kuma wanda ya taɓa ƙarfen da hannu ya goge wurin saboda gishirin zufa. A toshe bakin da ɗan busasshen tsumma marar matsewa saboda zanzaro, a riƙa canja shi. Sakatar a cire ta a ajiye a wani akwati dabam mai makulli, a ɗaura mata ƴar takarda mai lambar bindigar, don kada wata rana a haɗa ta da wadda ba tata ba.